Yaran da Suka Kira Shak

Tumelik, New Ireland
3 ga Mayu, 1999

Zuwa ga maigidana, Baban Sera,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya aiki, yaya ƙarnin kifin Lae? Sera tana gaishe ka. Haƙoranta biyu na gaba sun fita, in ta yi dariya sai ka ce tsohuwa. Baba ma yana nan, sai dai kafaɗar nan tasa ta dama da har yau ba ta ɗaguwa, da tarin safe. Na aika masa man zafi daga asibitin mishan, ya karɓa, ya yi godiya, ya shafa wa karensa.

Bayan gaisuwa, ga dalilin wasiƙata. Mai duba makarantu ya zo mana da sabon salo daga Kavieng. Wai yanzu a ɗauki abu guda a koyar da komai a kansa har mako shida, lissafi da karatu da zane da waƙa duka. Malamar aji ɗaya ta ɗauki kwakwa. Hedimasta ya ɗauki alade, ban dai ce komai ba. Ni kuwa na ɗauki kifin shak.

Na san dariya kake yi. 'Yar Goroka, wadda ta tashi a kan tsauni, shekara tara a bakin teku ruwa bai taɓa wuce mata gwiwa ba, ita ce za ta koya wa 'ya'yan masunta shak. To ka zo ka ga ajina! Yara talatin da huɗu, har da 'yarka, ba mai gyangyaɗi ko ɗaya. Wani masunci ya ara mini muƙamuƙin shak busasshe, da haƙoransa muke koyon ƙirga goma-goma. Mun zana shak a kan yashi, muka auna tsawonsa da tafin ƙafa. Wani yaro ya ce taku goma sha ɗaya ne, wata ta ce sha huɗu, har suka kusa dambe kafin su gane ƙafafunsu ne ba ɗaya ba. Ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar wannan karon ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Larung ɗin nan, zoben reshen da aka jera wa ɓawon kwakwa, wanda masu kiran shak ke kaɗawa. Baba ya ba ka shi ranar tafiyarka, ka naɗe shi a buhu ka rataye a rufin ɗakinmu. Ina so yaran su gan shi. Tun da na zo garin nan ban ga wanda ya fita kiran shak ba, an ce Baba ne na ƙarshe da ya iya, kuma ya bari tun kafin aurenmu. Yaran nan ko ƙararsa ba su sani ba, abin kunya ne ai. Ba zan iya tambayar Baba ba, ka san suruka ba ta tsayawa gaban surukinta ta yi masa zancen kayan maza. Kuma yanzu naka ne.

In ban ji daga gare ka ba zuwa ashirin ga wata, na ɗauka ka yarda.

Taka,
Ludiya


Lae
16 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Maman Sera,

Na gaishe ki, na gaishe da Sera, ki sa ta gaishe mini da Baba. Ina lafiya. Yatsana ne wuƙa ta taɓa a wurin yanka kifi, ya warke. Ki gaya wa 'yar tsohuwa kada ta haɗiye sauran haƙoran kafin in zo.

Wasiƙarki ta zo jiya. Na yi dariya kam, har abokin ɗakina ya ce ko matata ta haifi tagwaye ne. Malama 'yar tsauni da shak! Allah ya taimaka.

Amma maganar larung, a'a. Ki bar shi inda yake. In kuma kin riga kin yi wa yaran alkawari, don na san halinki, to ki kai shi aji a cikin buhunsa, ki nuna musu, ki mayar. Kada ya kusanci teku. Ko ɗigon ruwan gishiri kada ya taɓa shi. A kan tudu ɓawon kwakwa ne kawai. A cikin teku kira ne, kuma ba a kira a ƙi fita.

Na san za ki ce ni ɗan majami'a ne, me ya haɗa ni da waɗannan maganganu. Ki yi mini wannan ɗaya ba gardama. Laifina ne da ban taɓa yi miki bayani ba, ba na son zancen ne. In na zo hutun Kirsimeti ma yi magana.

Mijinki,
Penias


Tumelik
25 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Baban Sera,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, Sera ta yi ɗan mura ta warke. Shiru ban ji daga gare ka ba, amma ban yi fushi ba. Ruwa ya tafi da gada, kwana goma sha biyu motar wasiƙu ba ta shigo ba. Wannan ma fasto zan ba, zai tsallaka tsauni da ƙafa gobe.

To, ashirin ta wuce, na sauko da larung ranar Juma'a. Baban Sera, da ka ga darasin nan! Ina so in koya musu cewa ƙara tana tafiya a cikin ruwa. Da teku ya janye sai na kwashe su muka je bakin duwatsun murjanin da suka kewaye gaɓa, wurin ƙofar nan da kwalekwale ke fita. Na ce kowa ya sa kunne ɗaya a ruwa, mutum ɗaya ya tsaya can nesa ya kaɗa. Da suka ji ƙarar ta iso kunnensu sai ihu, wannan na cewa “Malama, a cikin kaina yake kaɗawa!” Kowa ya ce sai ya kaɗa. Na jera su, ɗaya bayan ɗaya, duk talatin da huɗun suka kaɗa. Ni ma na shiga har ƙugu, ka rubuta wannan ka ajiye. Da muka koma aji kowa ya rubuta jimla uku a kan abin da ya ji, har waɗanda da sai na yi da gaske suke rubuta sunansu.

Sai dai akwai abin da ya dame ni, ina jin na ɓata wa Baba rai. Yana zaune a gindin bishiyar nan ta bakin ruwa sa'ad da muka fara. Ban lura da shi ba sai da muka gama, na gan shi tsaye, buwai ɗin da yake tauna kamar goro yana hannunsa. Ya aiko Sera ta karɓi larung ɗin, ya tafi da shi.

Tun ranar ya kwashe tabarmarsa ya koma ɗakin maza na gari, inda mace ba ta shiga. Ya daina cin abincin tukunyata. Na dafa gwaza da madarar kwakwa yadda yake so, aka dawo mini da kwanon ko buɗewa ba a yi ba. Ranar Lahadi maƙwabta suka yanka alade suka aika masa, ya mayar. Kansa yake gasa wa ayaba. Ni dai na san na ɗauki abin ba da izininsa ba, amma fushin ya yi yawa, tsohon nan akwai riƙo.

Abu ɗaya da ya faranta mini rai, ya sami abin yi. Ya sa samari sun sare masa itace, yana sassaƙa sabon kwalekwale da hannun hagu, tun safe har rana ta yi zafi. Gara haka da zaman tari.

Matan gari ma sun ɗan canza mini. In na iso rafi sai hira ta mutu. Yau yara bakwai ba su zo aji ba, wai mura. Ka rubuto wa Baba layi biyu ka ba shi haƙuri a madadina, zan karanta masa.

Taka,
Ludiya


Lae
8 ga Yuni, 1999

Ludiya,

Ina lafiya, ina fata kuna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Ashe wasiƙata ba ta same ki ba. Na karanta taki a tsaye a ƙofar kamfani, sai da na nemi wuri na zauna.

Baba ba fushi yake ba. Shiri yake yi. Mai fita kiran shak ba ya cin abincin da mace ta dafa, ba ya cin alade, ba ya kwana a gidan da mace take. Kwalekwalen da kika ji daɗi yana sassaƙawa, da shi zai fita. Ranar da ya gama shi, ranar zai tafi.

Bari in gaya miki yadda tsofaffinmu suka riƙe abin. Shak ɗin da ke amsa larung, kakanninmu ne a jikinsu. In ka kira, sun taso daga nesa, dole su tarar da kai a kan ruwa da igiyarka. In suka zo ba kowa, ba sa komawa. Suna nan suna jiran hannun da ya kaɗa. Hannu talatin da huɗu ne suka kaɗa, Ludiya, har da na Sera. Larung ɗin na gidanmu ne, don haka namiji daga gidanmu ne zai fita ya amsa, shi kaɗai, bayan murjani inda ba a hango tudu. Zai kira, ya sa wa shak zarge da hannunsa, ya kashe shi da kulki.

Kada ki tambaye ni ko na yarda da wannan. A nan Lae ban yarda ba. Amma Baba ya yarda, garin ya yarda, kuma Baba ya haura shekara saba'in, ga shi hannu ɗaya ke masa aiki. Ko da shak bai taɓa shi ba, tuƙin kaɗai ya isa ya kashe shi.

Ban ɗora miki laifi ba. Shekara tara ban buɗe baki na gaya miki ba.

Ga abin da za ki yi. Ki ɗauke filafilinsa na tuƙi, na baƙin katakon nan, ki ɓoye. Ba zai fita da na aro ba, don wannan ne aka yi wa addu'o'in. Sannan ki je ki same shi, ki ajiye kunya a gefe, ki ce na ce larung nawa ne, fitar tawa ce, ya jira ni. Na nemi hutu. Shugaban aikinmu ya ce sai ƙarshen wata, in kuma na tafi kafin nan kada in dawo. Zan san yadda na yi.

Ki riƙe mini shi, don Allah. Ki riƙe shi har in iso.

Penias


Tumelik
21 ga Yuni, 1999

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa. Jikinmu lafiya, abin da zan iya cewa ke nan. Baba ya rame, wuyansa duk jijiya.

An gyara gada. Shekaranjiya direba ya miƙo mini wasiƙunka biyu tare, ta Mayu da ta Yuni. Na fara buɗe ta Mayu. “Ko ɗigon ruwan gishiri kada ya taɓa shi.” Wata guda tana kwance a cikin buhu a Kavieng. Na shiga bayan aji na yi kuka har na gode Allah.

Kafin su zo ma na riga na sani. Gwaggonka Rodah ce ta tare ni a rafi, gaban kowa. Ta ce, “Ke Malama, a garinku ba a tambaya? Kika kwashi 'ya'yan mutane kika sa su kira abin da ubanninsu ke tsoron kira!” Na ce, “Gwaggo, wallahi darasi ne kawai.” Ta ce, “Darasi? To je ki gaya wa wanda ke zagaye ƙofar murjani cewa darasi ne, ya tashi an tashi makaranta.” Ba wadda ta yi dariya.

Gaskiya ne, an ga fiffiken bayan shak a ƙofar murjani safiya huɗu a jere. Ni na san shak yana zuwa wurin tun fil azal, a littafina ma an rubuta. Wa zan karanta wa? Ba yaron da aka bari ya taɓa ruwa. Maza sun daina fita su bayan murjani, kwana ashirin gwaza da ganye ake ci. Ajina ya koma yara tara. Fasto ya yi wa'azi a kan tsoron banza, aka ce amin, shi ma ya hana 'yarsa wanka a teku. Har ni, Baban Sera. Jiya Sera ta nufi bakin ruwa wanke ƙafa, ban san lokacin da na fizgo ta har ta faɗi ba.

Na ɗauke filafilin, yana bayan kabad ɗin ajina. Sannan na je wurin Baba da Sera a hannuna. Yana sassaƙa, bai ɗago ba. Na durƙusa daga nesa na faɗi saƙonka. Sai ya ce, “Sera, tambayi uwarki, yaushe ne uban naki zai zo?”

Na ce, “Ƙarshen wata, Baba, ko farkon na gaba.”

Ya ce, “Sera, gaya wa uwarki wancan na ƙofar murjani ba ya duba kalanda.”

Na ce, “Baba, ni na yi laifin. Ka yafe mini, ka jira ɗanka.”

Ya daɗe yana shafa cikin kwalekwalen. Can ya ce, “Gaya mata ba ta yi laifi ba. Yara sun kaɗa da kyau, na ji su. Waccan 'yar gidan Eliuda ma hannunta ya fi na ubanta.” Ya ɗan yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, “Zan jira shi zuwa tsakiyar watan gobe, kafin iska ta juya. Kuma ki gaya mata ta jingine filafilin nan a tsaye, in ya kwanta a ƙasa gara za ta ci.”

Ka ga, ya san komai. Kwalekwalen saura kaɗan. Ka rubuto ranar zuwanka takamaimai, in sami abin riƙe shi da shi.

Mai duba makarantu ya aiko takarda wai in rubuta nasarorin da aka samu. Tana nan a kan tebur.

Taka,
Ludiya


Lae
1 ga Yuli, 1999

Zuwa ga Maman Sera,

Gaisuwa gare ki da Sera. Wannan shafin na Baba ne, ki karanta masa.

Baba, ina gaishe ka da girmamawa. Na bar aiki. Jirgin ruwa zai tashi daga nan sha uku ga wata, ya biya Rabaul, ya iso Kavieng sha bakwai. Sha takwas ina gida. Na daina cin alade tun makon jiya. Ka huta, ka ci abinci. Ni zan fita.

Shafi na biyu naki ne ke kaɗai. In kin karanta ki ƙona.

Ludiya, ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba. Ina ɗan shekara sha tara Baba ya fita da ni don ya koya mini. Ya kaɗa, muka jira, sai ga shi ya taso daga ƙasa, ya fi kwalekwalen tsawo, ido ya haɗu. Baba ya sa zarge ya ce in kama igiya tare da shi. Na saki. Na kwanta a cikin kwalekwale na rufe kaina, na yi fitsari a wando. Shi kaɗai ya riƙe, a nan kafaɗarsa ta goce. Da muka dawo ya ce wa mutane igiyar ruwa ce ta buga shi. Bai taɓa tona ni ba, ko a fuska. Abin da ya kore ni zuwa Lae ke nan, ba neman aiki ba.

Addu'o'in rabi na sani. Shekara goma sha biyar ban tuƙa bayan murjani ba. Amma zan fita, don sau ɗaya na bar shi da igiya, ba zan ƙara ba. In ban dawo ba, ki ɗauki Sera ku koma Goroka wurin mutanenki, inda ba teku. Ban taɓa gaya miki ba, ranar da na fara ganinki a motar Kavieng da buhun littattafai, na san na dace.

Kada Baba ya ji ko kalma ɗaya daga wannan.

Mijinki,
Penias


Tumelik
16 ga Yuli, 1999

Zuwa ga maigidana, Baban Sera,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da hanya. Ni da Sera muna lafiya. Na ba direba wannan wasiƙa, na roƙe shi ya tsaya a tashar jirgi ya sa maka ita a hannu kafin kowa ya yi maka magana. Ka nemi wuri ka zauna.

Baba ya rasu ranar Laraba. Jiya muka binne shi, ba a iya jira ba saboda zafi. Allah ya ba mu haƙuri.

Zan gaya maka yadda aka yi, duka, don ba na so ka ji rabi a bakin wani.

Wasiƙarka ta zo ranar Litinin. Na je da Sera na karanta masa shafinsa. Ya saurara, ya gyaɗa kai. Ashe ya ga takarda biyu ce a hannuna. Ban ƙona ɗayar ba, Baban Sera. Na kai ta bakin murhu na kasa, saboda abin da ka rubuta a ƙarshe. Na sa ta a cikin Littafi Mai Tsarki.

Ranar Talata ina makaranta bayan an tashi, ya kira Sera, ya ce ta ɗauko masa ɗayar takardar babanta, ya ji ko da gaske ta iya karatu kamar yadda ake faɗa. Ta san inda nake ajiya. Rubutunka manya-manya ne. Ta karanta masa tun daga farko har sa hannunka.

Ina shara sai na ga inuwa a ƙofar aji. Bai zo da Sera ba. Ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya kira ni da sunana.

Ya ce, “Ludiya, ba ni filafilina.”

Na ce, “Baba, saura kwana biyar. Ka yi alkawari.”

Ya ce, “Na ji shafi na biyu.”

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na ce ba wanda zai fita, ni zan tsaya gaban gari in ce ƙarya ne, in sun so su kore ni. Ya ce, “Za su kore ki, sannan su miƙa masa filafili ranar da ya sauka daga mota, gaban kowa. Kuma zai karɓa. Na san ɗana, wannan karon ba zai saki igiya ba, ita za ta tafi da shi.” Ya zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsa har ƙirji. Ya ce, “Ba zan ƙwace ba, ba ni da hannun ƙwace. Ɗayanmu zai fita, ko ni gobe ko shi ranar Litinin. Filafili yana wurinki.”

Ban san tsawon lokacin da na tsaya ba. Na janye kabad, na ɗauko, na miƙa masa da hannu biyu. Ba wanda ya tilasta ni. Kai ka ce in riƙe maka shi, ni kuma na zaɓe ka. In za ka tsane ni a kan wannan, ka tsane ni, ba zan ce ban san abin da nake yi ba.

Ya fita da sassafe. Samari suka tura masa kwalekwalen, yana tuƙi da hagu, yana karkacewa yana gyarawa, har ya shige ƙofar murjani. Duk garin yana bakin ruwa. Da rana ta take tsaka muka ji busar katantanwa daga can nesa, irin wadda suka ce ana yi in an kama. Gwaggo Rodah ta zube a yashi. Muka jira har la'asar ba kwalekwale, sai maza suka bi da jirgin fasto mai inji.

Sun same shi a zaune, ya jingina, igiya naɗe a hannunsa na hagu. Shak ɗin yana ɗaure a gefe, matacce. Ba cizo ko ɗaya a jikin Baba. Ma'aikacin asibiti ya ce zuciya ce.

An raba naman gida-gida, duk gidan da yaro ya kaɗa an kai. Yau da safe ajina ya cika, talatin da huɗu, gashinsu duk a jiƙe da ruwan teku. Na tsaya gaban allo da alli a hannu na rasa abin da zan rubuta.

Ba wanda ya san da shafi na biyu. Na ƙone shi yanzu. Mutane suna cewa tsoho ne ya ƙi jira don taurin kai, na bar su a haka, kai ma ka bar su.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na aiko da wannan ta tare ka a hanya. Sera ba ta fahimci abin da ta karanta ba, hankalinta yana kan haɗa haruffa. Abin da ta sani kawai, ta karanta shafi guda cur ba tuntuɓe, kakanta ya dafa kanta ya ce duk garin ba mai karatu kamarta. Kwana uku tana kuka, wannan ne kaɗai abin da in ta tuna take yin shiru. Ta ce kai za ta fara ba labari. Za ta rugo da gudu tun kafin ka sauka daga mota.

Ka shirya fuskarka tun daga Kavieng. Ka ɗaga ta sama, ka ce mata ta kyauta.

Matarka,
Ludiya